Ɗan kawuna ya yaye mana rufin ɗaki ya tafi da kuɗin aiki, ga damina ta kawo kai

Salam Anti, don Allah ki ɓoye sunana. Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina, shekara biyu ina zubin adashi don in gyara wa mahaifiyata gidanta da ke cikin gari, ɗaki biyu ne rufin ya mutu, duk damina sai an jera robobi da kwanoni ana tarar ruwa, sannan ina so a yi mata banɗaki kusa saboda ciwon ƙafa. Da na kwashi adashin sai Inna ta ce ga ɗan ƙanenta magini ne, mi zai sa a kai wa bare. Muka yi jinga da baki a kan miliyan 2 da dubu 400, kaya da aiki duka nashi, na tura mashi miliyan 1 da dubu 700 ta banki. Ya zo da yaranshi suka yaye kwanon, suka ƙara bulo layi uku, aka zuba linta, aka fara haƙa ramin sokawe, shi ke nan. Yau sati bakwai. In na kira ya ce gobe, in mun haɗu ya maida abin wasa tunda taubashina ne, yanzu kuma wai sai na ƙaro dubu 900 don kaya sun tashi, kuma na ji an ce shina wani aiki can hanyar Batagarawa. Inna na kwana a ɗan shagon zaure, bangon da ke tsakaninmu da maƙwabta kuma na ƙasa ne. Ta ce kar in kuskura in tona mashi asiri don kar ta ɓata da ƙanenta. Maigidana ya ce in kai shi wurin 'yan sanda. Ga hadari ya fara haɗuwa. In ƙara mashi kuɗin ne ko in nemo wani, kuma ya ake gane na kirki? Wallahi ko barci ba na yi.

Wa alaikis salam ƙanwata. Sannu, Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika yi niyyar yi wa Inna, shekara biyu kina matse albashin malanta don uwarki ta kwana ba ɗigar ruwa a kanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ladanki na nan ko da aikin ya tsaya. Ki daina zargin kanki. Kin yarda da ɗan'uwanki ne bisa maganar mahaifiyarki, kuskuren kawai shi ne an yi cinikin miliyoyi da fatar baki, kuma wannan kuskure mutane da yawa a garin nan sun taɓa yin shi. Ni mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa, na tashi ina ganin masu gida suna zuwa ƙofar gidanmu da safe, wasu da godiya wasu da faɗa, don haka abin da zan gaya miki na san shi ta ɓangarorin biyu.

Amsar farko a gajarce: kar ki ƙara mashi ko kwabo yanzu. Ba don na yanke cewa ɓarawo ne ba, a'a, don dai har yanzu ba wanda ya san ina miliyan 1 da dubu 700 ɗin suka shiga, kuma ba a zuba ruwa a tulun da ba a duba gindinsa ba.

Amma kafin maganar kuɗi, akwai abin da ya fi ta gaggawa, rufin nan. Ke ma kin san yadda ruwan farko yake zuwa mana a Katsina, da iska da ƙura yake zuwa, daga watan 6 abin ya kankama, zuwa watan 8 kuwa ba a magana. Ɗaki a buɗe in ya sha ruwa biyu uku, daɓe zai jiƙe, ruwa ya kwanta a gindin bango, bangon ƙasan nan da kika ambata shi ya fi tayar min da hankali don ƙasa in ta sha ruwa ta sama da ta ƙasa ba ta ba da sanarwa, zubewa kawai take yi, kuma ba ku kaɗai zai shafa ba har da maƙwabta da yaransu. To abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, rufi ba aikin magini ba ne, aikin kafinta ne. Shi ma ɗan kawun naki da ya ci gaba da aikin kafinta zai kira ya biya shi. Tunda an riga an zuba linta kuma ta yi sati bakwai, ta wuce kwana 28 ɗin da kankare ke buƙata ya gama ƙarfi, ba abin da ya hana ki kira kafinta gobe ya auna ya rubuta miki katako nawa, kwano bandir nawa, ƙusa nawa. Dubu 700 ɗin da suka rage a hannunki nan ya kamata su fara tafiya, ki sayi kayan da kanki ko maigidanki ya saya, ki biya kafinta kuɗin hannunsa kawai. In ba za su isa ɗaki biyu ba a rufe ɗaya, wanda Inna za ta koma, ɗayan a ja mashi tampol mai kauri a danne da bulo kafin Allah ya hore. Banɗaki da filasta da fenti duk za su iya jiran kaka. Ramin sokawen kuma a rufe bakinsa da katako ko tsohon kwano yau ɗin nan, rami a buɗe cikin gida ga tsohuwa mai ciwon ƙafa ga jikoki, in ruwa ya cika shi abin ba kyau.

Kuma ki tambaya ina tsohon kwanon da aka yaye yake. Naku ne. In yana nan akwai wanda zai yi amfani ko a rufin banɗaki, in an sayar to kuɗinsa ya shiga lissafi.

In da hali ki roƙi maigidanki Inna ta dawo wurinku na sati biyu ko uku har a rufe. Na san tsofaffinmu, za ta ce ita ba ta kwana gidan suruki, to sai a nemi gidan wani ɗanta ko 'yar'uwarta, amma shagon zaure da zafin nan da sauro ba wurin kwananta ba ne.

Yanzu mu zo kan shi. Ina so ki yi mashi adalci ko da shi bai yi miki ba, don adalcin ne zai ba ki ƙarfin magana a gaban manya. Maganar tashin kaya ba ƙarya ba ce a ƙasar nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da na dakon kaya suka canza, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya tashi daga wajen dubu 5 ya haura dubu 10 a wurare da yawa cikin 'yan makonni, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti na Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar a riƙa sayarwa tsakanin dubu 7 da dubu 8. Magina da yawa da suka karɓi jinga a lokacin sun shiga uku da gaske, wasu har da sayar da babur. To amma ga tambayar da za a yi mashi cikin natsuwa: kuɗin da aka ba ka tun ranar farko, ai na sayen kaya ne, me ya hana ka saya a farashin ranar? In ya sayi kwano da katako da siminti ya ajiye, to ya nuna inda suke, magana ta ƙare, a kwaso. In bai saya ba, tashin da kaya suka yi a cikin sati bakwai ɗin nan ba ke kika jawo ba, jinkirinsa ne. Abin da na fi zato, kuma shi ne ciwon da ya fi kama masu sana'ar nan, ya ɗauki kuɗinki ya toshe ramin wani aikin da ya ci kuɗinsa a baya, yana jiran kuɗin wani ya zo ya toshe naki. Galibinsu ba da niyyar cuta suke farawa ba, lissafi ne ba su iya ba, kuɗin kaya da kuɗin cefane duk aljihu ɗaya. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna miki cewa mutum ne da kunya da bashi suka yi wa katutu, shi ya sa yake fakewa da wasan taubasantaka, kuma irin wannan in aka ba shi hanyar fita da mutuncinsa yakan bi.

Kafin a zauna da shi ki samu gaskiyar lissafi a hannunki. Ki nemo wani magini dattijo wanda ba ruwansa da danginku, ko injiniya in kina da wanda kika sani, ki biya shi kuɗin ƙafarsa ya zo ya ƙiyasta aikin da aka yi. Abin ba wuya, bulo ana ƙirga shi da ido. Tsawon bulo ɗaya inci 18 ne, in ɗakunan irin namu ne na ƙafa 12 a 12 manne da juna, layi ɗaya bai wuce bulo 56 ba, layi uku ko 200 bai kai ba. Sai a ƙara simintin ɗauri, da rodi da tsakuwa da yashi da katakon linta, da kuɗin leburori na kwanakin da suka yi, da haƙar rami. A rubuta komai a farashin lokacin da aka yi aikin, a ƙara mashi ladan hannunsa ba tare da an tauye shi ba. Abin da ya rage daga miliyan 1 da dubu 700, shi ne amanar da ke wuyansa. Ki kuma je banki ko ki buɗe wayarki ki fitar da shedar turawar, Allah ya taimake ki ba a hannu kika ba shi ba. Shi wannan dattijon ki sa ya duba ingancin abin da aka yi tun da ya zo, ya karci bulon da ƙusa ya ga ko yana zuba kamar gari, ya duba lintar ko akwai tsagewa ko rodi a waje, don kar a ɗora rufi a kan abin da ba zai ɗauka ba.

Sai zama. Kar ki yi shi ke da shi, kun riga kun saba da wasa, zai sake shashantar da ke. Kar kuma a yi a gaban Inna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, za ta ce a bar shi kawai. Wanda ya kamata ki fara samu shi ne Kawu da kansa. Ki shirya ki je gidansa da 'yar tsarabarki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Kawu ba ƙara na kawo ba, yayarka ce ke kwana a zaure ga ruwa na tafe, na rasa yadda zan yi, kai ne ubanmu ni da shi. Ina mai tabbatar miki akwai yiwuwar bai ma san rabin labarin ba, kuma ba namijin da zai ji yayarsa na kwana a shago saboda ɗansa, sannan ya yi shiru. Ita Inna abin da take tsoro shi ne a ce 'yarta ta kai ɗan ƙanenta ƙara a duniya, tsoronta kuma yana kan hanya, zumuncin shekara sittin ne take karewa. Ki kwantar mata da hankali ki ce ba inda za ki kai shi sai wurin ubansa. Wannan ba tonon asiri ba ne, rufa shi ne. Amma ki gaya mata a hankali cewa shirun ma ba zai tsare zumuncin ba, in bangon nan ya faɗi a damina ɓacin ran da zai biyo baya ya fi wanda take gudu, kuma kin san kunyar mara kunya asara ce.

A zaman a samu Kawu, da maigidanki ko wanki, da dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani aminin Kawu. A karanta lissafin, a ba shi dama ya kawo nashi da rasit in yana da su, a saurare shi har ya gama. Duk abin da aka tsaya a kai a rubuta, kowa ya sa hannu, shedu su sa. In wani ya ce haba tsakanin 'yan'uwa har sai an yi takarda, ki tuna mashi aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shedu ta sauka, kuma ba a cire dangi a ciki ba.

Daga nan hanya biyu ce. In ya amsa laifinsa kuma dattijon da ya duba ya ce hannunsa na da kyau, za ki iya barinsa ya ƙarasa ginin banɗaki da filasta, amma a sabon tsari, ke ke sayen kaya, shi aikin hannu kawai, kuɗin aikin kuma a riƙa cirewa daga bashin da ake binsa. Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙin dawo miki da haƙƙinki, don mutumin da ba shi da tsabar kuɗi yana da ƙarfinsa da cokalin gininsa, ga shi Inna za ta ji daɗi. Sai dai ki riƙa ba leburorinsa kuɗin yininsu kai tsaye, su ba su ci miki komai ba, kuma hadisi ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. In kuwa ya ci gaba da kwana-kwana, ko aka ga aikin nashi ba shi da kyau, to a rabu lafiya, a yanka mashi abin da zai riƙa biya duk wata, Kawu ya tsaya mashi, ke ki nemi wani. Ni in ni ce zan ba shi dama ɗaya tak mai wa'adi, a ce ranar kaza zai dawo aiki, in ranar ta wuce an koma hanya ta biyu ba sai an sake zama ba.

Maganar maigidanki ta 'yan sanda, na fahimci zafin da yake ji, yana ganin matarsa ba ta barci. Amma ki lallashe shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana binsa bashi, kuma ko an kama shi an rufe kwana ɗaya, rufi bai hau ba, zumunci ya tsage, kuɗin da zai biya ki ya tafi wurin neman a sake shi. In zaman gida ya gagara akwai mai unguwa, akwai shugabannin magina da suka san yadda suke ladabtar da nasu, akwai Hisba da ke yin sulhu, kotu ita ce ta ƙarshe, kuma takardar nan da shedar banki su ne za su yi miki magana a duk inda aka je. Ki ba maigidan naki aikin da zai huce da shi, ya zama shi ke zuwa kasuwa sayen kaya da leƙa aiki safe da yamma, don ma'aikata na canza hali in sun san akwai mai zuwa dubawa.

Kin tambayi yadda ake gane na kirki. Ba a baki ake ganewa ba, kuma ba a hoton waya ba, gani ya kori ji. Ki ce ya nuna miki gidan da ya yi wanda ya ci damina uku ko fiye, sabon fenti kowa na iya yi. A je a duba kusurwoyi, a duba ƙasan taga ko akwai tsaga, a duba gindin bango ko yana tsotsar ruwa, sannan a samu mai gidan shi kaɗai ba a gaban maginin ba a tambaye shi abu biyu, ya gama a lokacin da ya ce, kuma sau nawa ya dawo neman ƙari. Ki karɓi farashi daga mutum uku a rubuce, kaya daban aiki daban, wanda ya fi kowa araha da nisa ki yi hattara da shi don ko bai iya lissafi ba ko a siminti zai fanshe, araha ba ta ado. Kar ki sake ba kowa fiye da abin da zai kai shi mataki na gaba, a gama ɗauri a biya, a gama rufi a biya, a gama filasta a biya, kuma ki faɗa tun farko cewa za ki riƙe wani ɗan kaso sai an yi ruwa mai ƙarfi an ga ba yoyo. Maginin kirki ba ya jin haushin wannan, mahaifina ma shi yake ce wa masu gida su riƙe.

Wajen rufin ki sa ido a kan abu uku don nan ake cutar wanda bai sani ba. Katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. A ɗaure rafta da jikin ginin da langalanga ko rodi, ba a aza kawai a buga ƙusa ba, don iskar farkon damina da ke kwashe rufin mutane duk shekara irin wannan sakacin take samu. Kwano kuma bandir ɗaya falle 20 ne, a ƙirga a gabanku, a taɓa kaurinsa, akwai wanda kamar takarda yake, shekara biyu ya yi tsatsa. A kuma duba inda ruwan rufin zai zuba, a sa indararo ya kai shi waje kar ya riƙa sauka a kan bangon ƙasan nan, ki ma shiga ki gaisa da maƙwabtan ki gaya musu abin da ake ciki, hakkinsu ne su sani. In an zo siminti ki saya daidai wanda za a yi amfani da shi a kusa, a jera a kan katako ba a ƙasa ba, don da ya ji danshi ya daskare ya tashi aiki. Duk abin da aka zuba ko aka yi wa filasta a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, wannan ko yaran gida za su iya. Sokawe kuma in akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta a nisanta shi da ita iyakar iyawa, kar a bari magini ya zaɓi wuri don sauƙin haƙa kawai, gara a cike wancan ramin a sake wani in ya yi kusa.

Gobe da safe kafin ki wuce makaranta ki kira kafinta, da yamma ki je gidan Kawu. Ki gaishe min da Inna da jiki, Allah ya ba ta lafiya, ki rubuto min ranar da ta koma ɗakinta.